Ƙafafun Amaryar Kebbe

Uwar amarya ce ta ɗauke ni aikin hoto, ba dangin ango ba. Maƙwabciyarmu ce a Tambuwal, kuma yarinyar 'yar farinta ce, don haka ko sunanta ba ta faɗa, balle ta raka ta Kebbe. Ta ce mini, "Ke dai ɗauko min ita cikin ɗakinta, in gani da idona." Abin da take so ke nan duk duniya.

Tsakiyar damina ce, shi ya sa aka ce da azahar za a kai amarya saboda hanya. Muna fita gari sama ta ɓalle. Na naɗe kyamarata a leda biyu, na rungume ta cikin hijabi. Ga amarya a gabana cikin mota a lulluɓe, gwaggonninta biyu sun sa ta tsakiya, ko tari ba ta yi.

Ni dai tun nan hankalina bai kwanta ba. Amaryar da za ta bar gidan ubanta, babu ko shessheƙa? Da motar ta kafe a laka aka ce kowa ya sauka, sai na ga ƙafafunta. Jiya-jiya na ɗauki hoton lallen yarinyar nan, zanen fure har idon sawu. Waɗannan kuwa duk faso, lallen ma ya koɗe.

Na matsa kusa da babbar gwaggon, na ce, "Gwaggo, a ɗan ɗaga mayafin in ɗauka."

Ta harare ni. "Mi kika nema ga huskar mutane? Ɗauki hotonki haka nan."

Na ɗauka, amma raina a ɓace. Har muka isa Kebbe ina saƙe-saƙe: ko yarinyar ba ta da lafiya suna ɓoyewa, ko wani abu ya same ta. Me zan je in nuna wa uwarta?

Aka shigar da mai mayafi ɗaki ana guɗa, ruwa na dukan kwano. Ni kuwa na sulale ina leƙe-leƙe. A madafin maƙwabta na sami amaryar gaske, ita ce sak, tsugune gaban murhu, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, tana dariya haƙoranta na kaɗawa. Ashe don tsoron bakin mutane gwaggonnin suka sa yayanta ya yi gaba da ita a babur cikin tsofaffin kaya, suka lulluɓe wata kakarta a madadinta. Sun tsare ta daga ido, sun miƙa ta ga ruwa. Na ji haushi, na kuma ji sanyi a raina. Na ɗauke ta a hakan, kafin a yi mata kwalliya in ɗauki na ɗaki.

Da na kai hotunan, uwar ta ture na mai mayafi gefe. "Wagga ba ita ta ba." Na ɗakin ma kallo ɗaya ta yi musu. Na madafin ta riƙe. Sai ta kama bakin zanenta tana goge fuskar yarinyar a hankali.

"Sanyi bai barinta," in ji ta. "Sun dai ba ta abin sauyawa da wuri?"