Waken gwangwani ya zama lissafi

Jiya na shigo gida na iske ɗiyata Rumaisa durƙushe da rula, tana auna waken da ƙanenta ya shuka a gwangwanin madara. Shi kuma ya tsaya a kanta kamar mai gadi.

Abin ya ba ni mamaki, don tun tana aji biyu kowane sabon malami sai ya sa su shuka wake, ga shi yanzu tana aji biyar. Bara har kuka ta yi, wai ta gaji.

Yau da na kai su makaranta a nan Ƙofar Sauri, na tambayi malamarta.

Ta ce, "Alhaji, a da kowa ajinsa kawai ya sani. Bana muka zauna tare, kowa ya faɗi abin da yake koyarwa, muka tsara. 'Yan aji biyu su shuka, 'yan aji biyar su auna su yi lissafi."

Zan tafi ke nan Rumaisa ta riƙo hannuna. "Baba, ka ce ma Umma kada akuya ta cinye mani lissafi."

Ashe ba wake ya gundure ta ba, tsayawa wuri ɗaya ne.

Ku fa, wane darasi yaranku ke ta maimaitawa?