Ranar da Ƙanena Ya Zaɓi Faɗuwa

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan manta da wata Asabar a Daura ba, ranar da na tsaya a kan ƙanena na ware hannuwa ina roƙon mutanen da ban taɓa gani ba su bar mini shi da ransa.

Mu mutanen Zango ne. A lokacin ina acaɓa, shi kuma yana ƙaramar sakandare. Takalmin taya ya shigo gidanmu ne ta hannun kawunmu mai fataucin gwanjo daga Nijar. A ƙasan dila ya tsince shi, ya rasa mai saye, ya miƙa wa yaron. Sauran yaran da suka sami irinsa titi suke hawa, su kama bayan mota ta ja su. Shi nasa daban ne. Ya taɓa ganin Turawa a talabijin suna wasa a kan ƙanƙara, suna juyi da ƙafa ɗaya, suna tsalle su dire da baya, shi ke nan abin ya shiga ransa. Mu kuwa ba mu da fili na ƙanƙara, sai ya koma wani dandamalin siminti da ake shanyar gyaɗa a bayan gari. Da an kwashe shanya zai share wurin ya hau. Gwiwoyinsa ba su taɓa rabuwa da ciwo ba. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji, ta koma dafa masa ruwan gashi.

Kafin a jima ya zama abin kallo. Na kai shi Baure a bayan babur ya ci gasa, muka je Mashi ya zo na biyu, don akwai wani dogon yaro a can da ya fi shi tsalle. Sai ga labarin za a yi babbar gasa a Daura, wanda ya zo na ɗaya shi zai tafi Katsina ya kara da 'yan sauran garuruwa.

Shekarun nan ne da aka dawo da shari'a, komai sai an bi a hankali. Masu shirya gasar sun sha zama da dattawa kafin a yarda, aka ce ba kiɗa, ba gajeren wando, kuma da an kira la'asar a tashi. Ga wani abu kuma da ya ƙara dagula lamarin: ba da daɗewa ba wani yaro mai irin takalmin ya saki bayan mota ya banke wata tsohuwa a cikin gari, ta karye. Mutane da yawa ba su san bambancin masu titi da masu fili ba. A wurinsu duk 'yan taya ne, duk marasa ji ne.

Da za mu fito da safe Inna ta biyo mu har zaure. Ba ta ko kalle shi ba, ni ta kalla.

"Kai ne babba. Yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo mini da shi."

Na ce, "In Allah ya yarda, Inna."

A filin ƙwallon kwando na wata makaranta aka yi. An zagaye simintin da igiya, jama'a sun cika maƙil, wasu don sha'awa, wasu kuwa daga fuskarsu ka san sun zo ne su ga abin da zai sa a hana. Da yake ba kiɗa, ba ka jin komai sai gurzar taya a kan siminti, in yaro ya dire ka ji tim, sannan a yi shewa. Aka yi ta zubar da yara har ya rage saura biyu, ƙanena da dogon nan na Mashi. Dogon ya shiga ya yi nasa tsaf, bai ko yi tangaɗi ba. Ƙanena ya matso inda nake yana ɗaure igiyar takalmi.

"Yaya, sai na yi babban tsallen. In ban yi ba ya ci."

Tsallen da yake nufi shi ne ya taho da baya a guje, ya tashi sama ya juya sau biyu kafin ya dire. A dandamalin gyaɗa wata rana ya samu, wata rana ya sha ƙasa. Na so in hana shi, amma na ga idonsa. Na ce, "Yi bismilla ka shiga."

Ya fara lafiya. Ya yi juyinsa da ƙafa ɗaya har rigarsa ta buɗe kamar lema, wurin ya yi tsit. Sannan ya zagaya ƙarshen fili ya juya baya, ya fara tara gudu. A daidai nan ne wata 'yar yarinya, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta sulale ta ƙarƙashin igiya ta shigo fili tana bin wata leda da iska ta kwaso. Tsakiyar hanyarsa ta tsaya. Shi kuwa bayansa ne yake fuskantarta.

Ban san da wace murya na kira sunansa ba. Ya waiga ta kan kafaɗa, ƙafarsa ɗaya ta riga ta bar ƙasa. Babu wurin birki, babu wurin kaucewa. Abin da na gani shi ne ya karkatar da jikinsa ya jefa kansa gefe da gangan, ya sauka a kan hannu da haɓa, siminti ya ja shi har ya tsaya a gindin ƙafafunta. Yarinyar ta faɗi zaune a kansa ta tsandara ihu.

Daga inda yawancin mutane suke, ba haka suka gani ba. Sun ga ɗan taya a guje, sun ga yarinya a ƙasa, da aka ɗaga ta kuma sun ga gaban rigarta jage-jage da jini.

"Ya kashe ta!" in ji wani daga baya.

Igiya ta tsinke. Na riga kowa isa, na tsaya a kansa, yana kwance yana riƙe da hannun da ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Uban yarinyar, wani ƙaƙƙarfan mutum, ya miƙa ta ga na kusa da shi ba tare da ya duba ta ba, ya yi kanmu. Ya shaƙe wuyan rigata har numfashina ya sarƙe.

"Matsa! Dama an ce a hana ku, an ƙi. Yau sai na karya ƙafar da yake taƙama da ita!"

"Don girman Allah, Malam, ka duba 'yarka tukuna," na ce. "Ka duba ta. In ya taɓa ta, ni ka fara da ni."

Ba ya ji. Bayansa na hango wani ya ɗago dutse, wani ya ciro sandar da aka ɗaure igiya. Masu shirya gasar suna ta "a yi haƙuri, a yi haƙuri", ba mai sauraronsu. Maganar Inna ce kawai take yi mini yawo a ka. Na tabbata da an ƙara ɗan lokaci a haka, da labarin da nake ba ku ya zama wani daban.

Dogon yaron nan na Mashi ne ya ratso, har lokacin da tayoyi a ƙafarsa. Ya karɓi yarinyar daga hannun wanda ke riƙe da ita, ya tuɓe mata rigar, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya juya ta gaba da baya.

"Ku duba! Ina ciwon? Baba, duba 'yarka, ko ƙwarzane babu. Jininsa ne! Ni ina kusa, kansa ya kayar don kada ya hau ta."

Hannun da ke wuyana ya saki a hankali. Mutumin ya karɓi 'yarsa ya shafa kanta, ya shafa cikinta, ya lanƙwasa 'yan ƙafafunta. Sannan ya dubi ƙanena, haɓa a tsage, jini na bin wuyansa. Na ji dutsen nan ya faɗi ƙasa. Mutumin ya durƙusa. Hularsa ya cire ya danna a haɓar yaron don jinin ya tsaya, ya ce da ni, "Ɗauko shi. Motar ɗan'uwana na waje."

Shi ya kai mu asibiti aka ɗinke haɓar, shi ya kai mu wurin mai ɗori, kuma bai bar mu ba sai da ya raka mu har Zango ya tsaya a zaure ya yi wa Inna bayani da bakinsa. Inna ta saurare shi har ya gama, ta dubi hannun da aka ɗaure da karare, ta ce, "To, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan."

Dogon ne ya tafi Katsina a shekarar, kuma ya cancanta. Ƙanena ya daɗe yana jinya. Da ya warke ya koma, ya je Katsinar daga baya, har Kaduna ya kai, ko da yake bai taɓa ɗauko na ɗaya a can ba, kuma hannun bai sake miƙewa daidai ba har yau. Wata rana muna zaune na tambaye shi me ya zo masa a rai a lokacin. Ya ce, "Wallahi Yaya ban yi tunanin komai ba. Na ga dai ƙarama ce."

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutanen da suka ɗauki dutse ba mugaye ba ne, jini suka gani suka yanke hukunci kafin su tambayi na wane ne. Tun daga nan, duk inda na tarar an taru a kan wani ana ihu, ba na ƙara muryata a ciki. Kutsawa nake yi in fara duba abin da ya faru da idona, don na san yadda wanda ke kwance a tsakiyar yake ji.