An Ce Kulu Ba Ta Iya Talauci Ba

Kulu mutuniyar Mai'adua ce. Aure ya kawo ta Daura, mijin ya rasu, ta kama aikin shara a wata makarantar koyon jinya. Tun tasowarta talauci bai taɓa ɗaga mata ƙafa ba, amma sai da ta yi furfura aka shaida mata ba ta iya shi ba.

Malam Zakiyyu, malamin ɗaliban, ya dawo daga wani taro da sabuwar dabara: za a koya musu tausayin talaka ta hanyar kwaikwayo. Ana neman wadda za ta fito a matalauciya marar lafiya, ladanta kuwa likitan da aka gayyato zai duba ta kyauta. Kulu na fama da gyambo a ƙafa, ya ƙi jin maganin gida. Ta ce ga ta.

Ranar ta yi abin da kowace mace mai mutunci ke yi in za ta ga likita. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta aro atamfar maƙwabciya.

"Inna, yaya jiki?" wata ɗaliba ta tambaya.

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Kin ci abinci?"

"Na ci, 'yar nan." Rabonta da abinci tun kokon jiya.

Malam ya dafe kai. "Haba Inna Kulu! Wannan ai matar alhaji ce. Ina kukan? Ina tsumman?"

"Malam, a gaban 'ya'yan cikina zan tona wa kaina asiri?"

Aka ce ta koma gefe. Aka kira Khairunnisa, ɗalibar da direba ke saukewa kullum a bakin ƙofa, aka ɗaura mata zanen sharar Kulu, aka shafa mata toka, aka zuba mata jan biro a ƙafa. Yarinya ta zube tana birgima tana kiran yunwa. Aji ya kaure da kuka, har Malam sai da ya cire tabarau. Likita ya durƙusa, ya naɗe lafiyayyar ƙafar nan da sabon bandeji, aka yi hotuna, ya duba agogo ya tafi.

Abin ya ci wa Kulu rai ƙwarai, amma shara ba ta jira. Tana ɗingishi ta share ajin. A kwandon shara ta tsinci bandejin, jan biro kaɗan ne a jiki. Ta waiga, ba kowa, ta zauna ta ɗaure ƙafarta da shi.