Yadda Aka Koya wa Kofur Raki

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, kuma ba a bakin wani na tsince ta ba, a gidana aka yi ta.

Ɗana na fari ɗan sanda ne. Ba zan faɗi sunansa ba. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunan nan ba, ba kuwa yau da furfura zan fara ba. Mu nan ƙauyukan da ke tsakanin Gezawa da Zakirai, mace ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta tambayar ko ya ci. Mutanen gari Kofur suke ce masa. Ni kuwa "wannan yaron" nake cewa, ko da ya kai ga aurar da 'ya.

Sa ne ya karya shi. Na san an baza a gari cewa da 'yan fashi ya yi artabu, har mai shayin bakin titi yana ƙara yawan 'yan fashin kowace safiya. Ƙarya ne. Ranar kasuwa ce aka tura shi tsaron hanya a bakin kara, inda ake cinikin shanu, da kakinsa da kulkinsa. Wani bajimi ya tsinke igiya. Duk mai hankali ya hau katanga ko ya ɗare mota. Shi kuwa sai ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga hannu, yadda yake tsayar da direbobi. Bajimin nan bai san doka ba. Ya ɗauke shi ya maka da turke, gwiwar dama ta tarwatse kamar tukunyar da ta faɗo daga kan 'yar talla.

Asibiti suka yi nasu, suka sa ƙarfe suka ɗinke. Maɗorin garinmu ma ya tofa nasa. Ƙafa ta haɗe, amma ba ta koma ƙafa ba. Ba ta lanƙwasuwa, ba ta ɗaukar tsayuwa. Aka ba shi hutu ya dawo gida, ya zauna a zaure da sandar dogarawa yana kallon geron wasu yana girma.

Wani abokin aikinsa, saje ne, ya zo dubiya ya warware mana yadda abin yake. Ya ce akwai ritayar da ake yi wa wanda ya nakasa a bakin aiki, ba sai shekarunsa sun cika ba, a sallame shi da haƙƙinsa, fansho ya riƙa zuwa. Amma ba mutum ne yake cewa ya nakasa ba. Likitoci ne suke zama, su duba, su yi tambaya, su ce wannan ba zai ƙara iya aiki ba. In suka ce zai iya, to ko ya koma bakin titi da ƙafar nan, ko ya ajiye kaki da kansa ya zauna jiran shekaru su cika, shi da mata da 'ya'ya da 'yar gonar gado wadda in akuya ta kwanta a tsakiya wutsiyarta tana gonar maƙwabci.

Ranar da aka kira shi birni, muka shirya shi yadda ake shirya mai zuwa gaban manya. Matarsa ta goge kaki har karinsa yana iya yanka albasa. Aka yi aski, aka shafa turare. Saje ya raka shi, kuma shi ya dawo mana da labarin, yana faɗa yana dafe kai.

Da aka kira shi, sai ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, wai ba a shiga wa manya da sanda. Ya cije, ya taka har tsakiyar ɗaki ba ɗingishi, ya buga ƙafa a ƙasa, ita mai ƙarfen, ya ƙame ya sara.

Babban likitan ya ce, "Kofur, yaya ƙafar?"

Ya ce, "Da sauƙi, yallaɓai. Alhamdu lillahi."

"Tana damunka in ka daɗe a tsaye?"

"Sai godiya, yallaɓai."

"Za ka iya komawa bakin aiki?"

"Duk inda aka tura ni, yallaɓai."

Suka yi masa murnar samun lafiya, suka sallame shi. Yana fitowa ya zube. A kafaɗar saje ya isa tasha.

Ni ban ga laifinsa ba. A garin nan na ga dattijon da ake karanta wa Yasin, aka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, ya cika. Ban ga laifin likitocin ba kuma. Mutum ya shigo da ƙafarsa ya ce lafiyarsa lau, sai su yi masa rantsuwa a kan jikinsa?

Ya koma aiki. Ba a daɗe ba aka dawo mini da shi a bayan a-kori-kura, a kan buhunan dusa, ƙafar ta kumbura kamar tulu. Saje ya yi ta zirga-zirga har aka yarda likitoci su sake zama. Ya ce mana, "Inna, wannan karon dole ya buɗe baki ya faɗi inda ke masa ciwo. In ya ƙara sara musu, ni kam na cire hannuna."

To, ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Allah ya yi wa baiwar raki. Ciwonsa yana zuwa tare da ruwan shuka, ya tafi ranar da aka ɗaure damin ƙarshe. In ƙaya ta soke shi, sai an ji a garin gaba. Tun yana saurayi ake masa dariya, ba wanda ya san akwai ranar da za a nemi iliminsa. Na aika masa. Ya zo da sabuwar hula, ya zauna a zaure kamar malamin da aka gayyato tafsiri, ya ce a fara damo fura tukuna, makogwaronsa ba daidai yake ba. Ni ina tsakar gida, ina jin su ta bayan zana.

Ya ce, "To, ni ne likita. Kofur, yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, Kawu."

"Ku ji shi! Sauƙin gidan wa? Ba a amsawa da wuri, ɗan nan. Ka fara yin shiru. Ka dubi ƙasa. Ka ja numfashi kamar mai jan guga a rijiyar rani. Sannan ka ce wash."

"Wash."

"Wannan ai wash ɗin wanda ya ƙoshi da tuwo ne. Daga cibiya ake ɗauko shi." Sai ya ɗaga murya ya kira ni. "Yaya! Wannan anya jininmu ne?"

Na ce ban san shi ba, ya tambayi dangin ubansa.

Yaron ya ce, "Kawu, ni fa ba zan je in yi wa manya ƙarya ba."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Kai ne ma maƙaryacin, ga ciwo a jikinka kana cewa babu. Ni ko ba ni da ciwo ba na ɓoye shi."

Haka aka cinye kakar nan. Kullum da hantsi sai ka ji nishi iri-iri yana tashi daga zaurenmu, har mata masu wucewa rijiya suna leƙowa su tambayi wa ke naƙuda. Malami yana ƙiba, ɗalibi yana nan inda yake.

Ana gab da tafiya, muna ɓarar gyaɗa da surukata, matar yaron, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, zo ki ga wani abu." Ta kai ni bayan gida, ta yaye wani tsohon buhu. Kujerar katako ce, an fafe tsakiyarta an yi rami. Ta ce shi ya fafe ta da hannunsa, don tun da ya dawo daga asibiti bai iya tsuguno ba. Ta ce ba ciwon kai ne ya hana shi zuwa jam'i ba kamar yadda yake gaya wa liman, a zaune yake salla, ba ya so a gani. Ta ce ya rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa, amma ita a ganinta ni ba kowa ba ce. Na mayar da buhun, na koma kan gyaɗata.

Ranar tafiya na ɗaura zanena na fita, na ce zan je birni a duba mini ido. Uwa ba ta raka ɗan fari, amma ba wanda ya hana ta shiga motar da ya shiga. Muka cika kujerar baya: ni, da ƙanena, da saje, da shi.

A barandar asibiti, muna jiran kira, ƙanena ya ce bari ya yi masa bita ta ƙarshe. Ya dafe ƙugu, ya lumshe ido, ya saki wani nishi wanda ban taɓa jin ya yi irinsa ba ko a shekarar da aka yi gayyar gonar mai unguwa. Wata nas ta taho a guje da keken marasa lafiya. Ta ce, "Baba, sannu! Zauna nan." Ƙanena bai taɓa ƙin tayin zama ba a rayuwarsa. Ya zauna, ta tura shi, suka sha kwana. Yana ɗago mana hannu.

Sai ga kira. Aka ce ɗan'uwa ɗaya zai iya shiga da mara lafiya. Saje ya dube ni. Na ce ni ido na zo a duba mini. Ya ce, "Inna, ai likitoci ne a ciki." Na shiga, na sami kujera a lungu, na juya fuskata ga bango.

Wannan karon mace ce babbar likitar, da tabarau. Ta ce, "Mama, ɗanki ne?"

Na ce, "Ɗan mutanen gidanmu ne."

Ta yi murmushi. Da alama ita ma an haife ta a inda ake kunya. Ta juya wajensa ta ce, "Kofur, yaya ƙafar?"

Ya yi shiru. Na saci kallo na ga ya dubi ƙasa. Ya ja numfashi, daga cibiya kuwa, yadda aka koya masa. Na ce a raina furar nan ba ta tafi a banza ba. Ya buɗe baki ya ce, "Da sauƙi, ranki ya daɗe."

Ta ɗauki biro.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Likita, ƙarya yake. Ɗana ne, ni na haife shi, kuma ƙarya yake."

Ya ce, "Inna!"

Na ce, "Rufe mini baki, ba da kai nake ba." Har lokacin bango nake kallo, shi na gaya wa komai. Na faɗi a-kori-kura da buhunan dusa. Na faɗi sallar zaune da ƙaryar da ake yi wa liman. Sannan na faɗi kujera, da raminta, da buhun da ake rufe ta da shi, har na kwatanta faɗin ramin da hannuwana don kada a ce ban bayyana ba. A gaban likitoci maza, a gaban wani babban ɗan sanda mai taurari a kafaɗa, a gaban saje da ya leƙo ta ƙofa.

Wani ƙaramin likita ya kama tari. Matar nan ta ajiye biro ta ce, "Kofur, tsuguna mu gani."

Ɗan sanda ba ya ƙin umarni. Ya fara sauka. Bai kai rabi ba wani sauti ya kuɓuce masa, wanda ƙanena da duk shekarunsa a sana'ar bai taɓa iya fitar da irinsa ba. Sai da maza suka kama shi ta hammata suka ɗora a gado. Suka naɗe wandon, suka taɓa, suka danna, suka tura shi hoton ƙashi.

Kafin damina ta faɗi aka yi masa ritayar rashin lafiya. Fanshon yana zuwa. Ba ya gina soro, amma yana sayen taki da sabulu, yana biyan 'yan ƙwadago su nome gonar.

Shi yaron, ya daɗe daga bakin ƙofa yake gaishe ni, bai shigo ɗakina ba sai da aka yi salla babba. Yanzu yana da 'yar rumfa a bakin titi yana sayar da irin shuka da maganin feshi, a zaune, kuma yana zuwa jam'i da 'yar kujerarsa ta roba a ƙarshen sahu. Matarsa ta sha fushinsa kan tona asirin kujera har ta yi yaji, ni na je na yi biko da ƙafata. Saje an mayar da shi wata jihar, yana aiko da gaisuwa. Ƙanena kuwa, a zaman keken nan aka auna shi aka sami hawan jini na gaske, aka hana shi gishiri da man shanu. Tun ranar da aka ce masa ba shi da lafiya ya daina raki, ya ɗauki fartanya, wai zai nuna wa likitoci ba su san aikinsu ba. Bana shi ya fi kowa wake a danginmu. Kujera ta bar ƙarƙashin buhu, don labarinta ya riga mu isowa gari, har dattawa masu ciwon gwiwa suna tura kafinta ya zo ya ga yadda aka fafe ta. Ni kuma, matan garin nan sun ce na kai kunyata birni na baro ta a can. In an haɗu a gidan suna sai wata ta ce, "Ga mai ɗa ta iso, a ba ta tabarma." Ina karɓar tabarmar in zauna.