Ranar da Jikata Ta Ce "Yes"

Shekarun baya, ban daɗe da ajiye yawon duniya na dawo gida Karaye na zauna ba, wata rana da hantsi 'yata da ke aure a Rogo ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Baba, an kama mutuniyarka da satar amsa."

Mutuniyar tawa ita ce jikata ta fari. Lokacin tana ajin ƙarshe a wata sakandaren 'yan mata, suna tsakiyar jarrabawar gwaji, wadda sai ɗaliba ta haye ta makaranta ke sa sunanta cikin masu zana jarrabawar fita. A ranar jarrabawar Turanci aka tsinci wata takarda mai ɗauke da amsoshi a ƙarƙashin bencin da take zaune. Washegari kwamitin ladabtarwa zai zauna, kuma hukuncin wannan laifi a makarantar kora ne.

Na ce, "To ai benci ba nata ba ne ita kaɗai."

Ta ce, "Baba, ita da bakinta ta amsa laifin. A gaban 'yan aji. Babanta kuma ya rantse in aka kore ta, ta gama boko ke nan, ba zai kai ta wata makaranta a riƙa nuna shi da baki ba."

Na san surukina. Mutumin kirki ne, noma da kiwo ya sani, amma in ya furta magana ba ya lashe ta. Na sa hula na nufi tasha.

Damina ce, masara ta yi goyo hagu da dama, motar tana ta kaucewa ramuka. Ni kuwa ina can baya ina tsara jawabin ban haƙuri da Turanci mai nauyi, irin wanda na tsinto a ofisoshin Ikko da Ankara. A tunanina yarinya ta yi laifi, tsoro ya sa ta amsa, abin da ya rage kawai a nemi sassauci.

Na sami jikata a madafi, ido ya kumbura. Ni da ita kullum cikin tsokana muke, kamar yadda kaka da jika suka saba. Na ce, "Uwargida, yau maigida ya zo babu ko ruwa?"

Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Wallahi Kaka ban shiga da ita ba."

"To me ya sa kika amsa?"

"Ni ban amsa ba."

Babanta yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Malami ya ji, 'yan aji sun ji, yanzu kuma ta ƙara ƙarya a kan sata." Ya juya ya fita. Ni ma a raina hakan na ɗauka.

Da safe surukina ya ce ƙafarsa ba za ta taka makarantar ba. Ni na raka ta. Muna tafe a ƙasa, tana gefena tana kallon takalminta, sai na ce ta faɗa mini yadda aka yi tun daga farko, don in san ta inda zan fara roƙo. Ta ce malamin da ke tsaron jarrabawar ɗan bautar ƙasa ne, ba ya jin Hausa ko "zo". Ya ɗago takardar, ya sa ta miƙe, ya tambaye ta.

Na ce, "Me ya ce? Faɗa mini da Turancin, yadda ya fito daga bakinsa."

Ta ce, "Ya ce, 'You did not bring this paper?'"

"Ke kuma kika ce me?"

"Na ce, 'Yes, sir.' Ya sake tambaya, na sake cewa 'Yes, sir.' Sai kawai ya karɓe takardata."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai babur ya yi mini hon.

Ga wanda bai gane ba: tambayar tana nufin "Ba ke kika kawo takardar nan ba?" Bahaushe in aka yi masa irin wannan tambaya, maganar mai tambaya yake gaskatawa. Sai ya ce, "Eh, ba ni ba ne." Bature kuwa ba ruwansa da yadda aka jero tambayar, aikin yake dubawa. In bai yi ba "no" zai ce, in ya ce "yes" to ya yi ke nan. Yarinyar ta ji kowace kalma daram, ta amsa da zuciyar Hausa, malami ya karɓa da kunnen Turanci.

Na ce, "Jiya me ya hana ki faɗa mini haka?"

Ta ce, "Ai na faɗa. Na ce ban amsa ba."

A ofishin shugabar makaranta aka zauna. Ita tana tsakiya, mace mai ƙarancin magana. Gefenta malamin ladabtarwa, da wani dattijo malamin Arabiyya, sai ɗan bautar ƙasar, saurayi siriri mai tabarau. Daga baya na ji cewa a Turai ya yi ƙuruciyarsa. Shi ya sa bai gane ba, don a Ikko ma na sha jin mutane suna amsawa irin ta jikata, ba wanda ya damu. Jikata tana tsaye jikin bango.

Bayan mun gaisa, mun tambayi aiki da iyali da ruwa, na ajiye jawabin da na sha wahalar tsarawa, na faɗi abin da na gano. Garin son a fahimta har na kawo misalin Faransanci, na ce mutanen Yamai suna da kalma ta musamman da suke warware irin wannan tambaya da ita. Ba wanda ya ko ɗaga gira. Ashe a Rogo Faransancina ba shi da kasuwa.

Malamin ladabtarwa ya ce, "Alhaji, da girmanka. Kwana guda kuka samu, kuma ga shi ka iya harsuna. In muka karɓi wannan, gobe duk wadda aka kama sai ta ce 'yes' ɗinta 'no' ne."

Na ce, "Malam, akwai wanda ya tambaye ta da Hausa?"

Ya ce, "Dokar makaranta ta hana ɗaliba yin Hausa a harabar nan."

"Ko ranar da za a kore ta?"

Ya juya takardar da aka tsinta a kan tebur, rubutu ne da manyan baƙaƙe, irin wanda ba a gane hannun mai shi.

Sai malamin Arabiyya ya gyara murya. Ya ce, "Hajiya, maganar Alhaji tana da tushe. A nahawu ma muna koyar da bambancin na'am da bala. In an tambaye ka da korewa ka ce na'am, ka tabbatar da korewar. Yaranmu a kan wannan suka tashi, a gida da makarantar allo. Amma ban ce ga abin da ke zuciyar yarinyar nan ba, Allah ne masani."

Shugabar ta fassara wa ɗan bautar ƙasar. Ya girgiza kai, ya ce shi dai ya tambaya har sau biyu, kuma ɗalibar ajin ƙarshe ba za ta kasa bambance "yes" da "no" ba.

Shugabar ta ce, "Za mu gwada. A kira 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, kada a gaya musu komai. Malamin da ya kama ta zai yi musu tambaya mai irin wannan siga, wadda duk mun san amsarta. In sun amsa yadda shi yake zato, maganar amsa laifi tana nan, zan sa hannu. Alhaji, ka yarda?"

Na kalli jikata. Ban san yaran nan ba, ban san wa ya koyar da su ba. Amma in na ƙi, na gaskata malamin ladabtarwa. Na ce na yarda.

Ta farko ta shigo, doguwa, da alamar shugabar ɗalibai a kafaɗa. Saurayin ya dube ta ya ce, "You are not the principal?" Wato, "Ba ke ce shugabar makaranta ba?"

Ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ce, "No, sir. I am not."

Malamin ladabtarwa ya ce, "To, kun dai ji." Jikata ta sunkuyar da kai. Shugabar ta jawo biro kusa da ita, sannan ta ce a kira ta gaba.

Ta biyu 'yar ƙarama ce, ta shigo a tsorace tana kallon fuskokinmu. Aka maimaita tambayar. Ta dubi shugabar, ta dubi saurayin, ta ce, "Yes, sir."

Shugabar ta ce da Hausa, "To bismillah, ga kujerar." Yarinyar ta rasa abin da ta yi, aka sallame ta.

Ta uku ma "yes". Ta bayanta haka. Aka ci gaba da kira, in ban da wata guda da ta yi shiru ta kasa cewa komai, duk bakinsu ɗaya. Malamin Arabiyya ya ce a hankali wai ta farkon a Kaduna ta yi firamare.

Saurayin ya cire tabarau ya goge. Ya miƙe ya je gaban jikata, ya yi mata tambayar a miƙe, babu korewa a ciki: shin ita ta shigo da takardar?

Ta ce, "No, sir."

Ya ce mata ta yi haƙuri. Ya juya ya ce wa shugabar ya janye rahotonsa.

Na ɗauka an gama. Malamin ladabtarwa ya ce, "Amsa laifi ta faɗi, na yarda. Amma takarda ba daga sama ta faɗo ba, kuma a ƙarƙashinta aka gani." Gaskiyarsa ce, ban iya musa masa ba. Shugabar ta yanke cewa jikata za ta sake jarrabawar a take, ita kaɗai, da sababbin tambayoyi. In ta ci, sunanta yana nan. In ta faɗi, kowa zai fahimci abin da ya fahimta.

Aka ba ni kujera a baranda. Ta taga ina jin saurayin yana karanta mata labarin da za ta saurara ta amsa tambayoyi a kansa. Turancinsa ta hanci yake fita, kalmomi suna haɗiye juna. Ni da na yi shekaru ina ciniki da Turawa sai da wasu suka wuce ni. Sai na tuna yarinyar nan Turancin allo da alli kawai ta sani, ba ta taɓa zama ta saurari mai harshen yana magana ba, ga kwanan kuka, ga yunwa. Daga nan aka miƙa mata ɓangaren karantawa, ɗakin ya yi tsit. Na ja carbi har na daina sanin abin da nake ja.

Ana kiran azahar shugabar ta fito da takardar a hannu. Ta ce, "Alhaji, ta haye. Da ƙyar, amma ta haye. Na karantawa ta yi ƙoƙari. Na saurare kuwa, in kana da rediyo a gida, ka ba ta aro."

Hutun da ya biyo baya a wurina ta yi shi a Unguwar Hajji. Da safe mu kunna labaran Turanci, in kashe, ta faɗa mini abin da ta ji da Hausa. Da yamma ta karanta mini tsohuwar jarida da ƙarfi, ni kuma in yi ta jefa mata tambayoyi a karkace, ba na karɓar "yes" ko "no" tsirara sai ta cika jimla. Ta ce na fi malamin ladabtarwa mugunta. Ta zana jarrabawar fita tare da 'yan ajinsu. Wadda ta yar da takardar kuwa har yau ba a san ta ba.

Na zauna da Larabawa, na zauna da masu Faransanci, na ga yadda kowane harshe yake da ramin da baƙo ke faɗawa. Ramin ba ya cikin manyan kalmomi, waɗannan kowa yana buɗe ƙamus ya duba. Yana cikin ƙananan da muke ganin mun riga mun sani. Muna sa yara haddar ma'anoni, muna hana su Hausa da bulala, amma ba mai zaunar da su ya ce ga inda Hausa ta bi dama, Turanci ya bi hagu. Masu 'ya'ya a sakandare, ku gwada su da irin wannan tambaya yau, za ku ji.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne komawarmu gida a ranar. Surukina yana zaure yana gyaran igiyar shanu. Na ba shi labari tun daga farko, yana saurare bai ɗago ba. Da na gama ya kira ta, ta durƙusa a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ashe ba ke kika kai takardar ba?"

Ta ce, "Eh, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Shiga ki ci abinci. Gobe akwai makaranta."