Alƙalamin Dakta Baffa Mijinyawa

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran Dakta Baffa Mijinyawa a gidansa da ke Ƙofar Wambai. Na yi kuka, amma Baba, duk wanda muka zauna makoki da shi sai ya tuno wani abu naka da ya sa mu dariya.

Ni ce Liatu, 'yar tallan maganin da ka fi tsokana. Lokacin da na fara aiki, kamfaninmu ya fito da sabon maganin ciwon suga, aka ce idan bai karɓu a Bauchi ba in nemi wani aikin. Kowa ya san abin da ka rubuta shi ƙananan likitoci ke rubutawa, don haka na nufo ka da kalanda da agogon bango. Agogon ka ba wani manomi, kalandar kuma aka shimfiɗa aka ci ƙosai a kanta.

Sannan ka kai ni bencin marasa lafiya ka ce, "'Yata, ajiye Turancin nan, ki yi musu tallan da Hausa." Haka kake yi wa kowane ɗan talla. Ina cikin zuba, wata tsohuwa daga Zungur ta ce, "Yarinya, da azumi fa? Da sahur ake sha ko da buɗa-baki?" Na hau laluben takardun kamfani. Ka yi dariya har da share hawaye, ka ce in je in nemo mata amsa. Na dami likitocin kamfani har suka ba ni, na dawo na faɗa mata a gabanka. Daga nan ka fara rubuta maganin namu, ga waɗanda ya dace da su kaɗai, aikina ya tsira.

Bara da sugan mahaifiyata ya tashi, wurinka na kawo ta. Ka duba ta, ka rubuta maganin abokan hamayyarmu, ka ce, "Naku na da kyau, amma ba ga Mama ba." Ban taɓa jin daɗin faɗuwa a kasuwa kamar ranar ba. Tana nan garau, ita ce ma ta sa ni rubuta wannan.

Uwargidan Baba, Hajiya Sauda, da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Baba, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya kula da kai yadda ka kula da iyayenmu. Amin.