Ƙayar Cikin Caja

Ni dai na sani, da ban cika baki ba da abin bai kai haka ba. Shekara guda bayan rasuwar mahaifina, ana gab da shuka, rigima ta tashi a kan wani yanki na gonarmu da ke hanyar Tamawa, kunya goma sha biyu daga gindin gawo zuwa bakin kwari. Malam, maƙwabcinmu na gona, ya ce nasa ne. Baffa, ƙanin mahaifina da yake riƙe da gidanmu na Kurfi, ya ce atafau namu ne. Mutanen nan tare suke tafiya masallaci tun kafin a haife ni, sai ga shi ko gaisawa sun daina.

Ni kuwa ina koyarwa a Dutsin-Ma, sai na buga waya na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ina da shaida. Wata damina na taɓa bin mahaifina gona, na ɗauke shi bidiyo yana zagaya iyaka yana nunawa da sandarsa. Wayar ta daɗe da lalacewa, amma bidiyon yana cikin laftof ɗina. Gaskiyar magana, tun da ya rasu ban iya buɗe shi ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ran da na ɗauka ɗin ma hankalina yana kan kada hoton ya girgiza, ba kan abin da yake faɗa ba.

Mai unguwa ya sa ranar Laraba da hantsi, a haɗu a gonar. Na iso Kurfi ran Talata da yamma, batirin laftof saura kashi bakwai, don kwana biyu ba a kawo mana wuta ba. Na ajiye jakar laftof ɗin a ɗakin Baffa. Da safe na nufi shagon masu cajin waya na bakin kasuwa, inda janareta ba ya hutawa.

Na jona caja, ƴar fitilarta ta kama. Na buɗe laftof, sai ta rubuto mini da Turanci wai ba ta gane wannan cajar ba. Ba ta gane ta ba! Cajar da suke tare shekara huɗu, ni na sayo su rana ɗaya a kwali ɗaya. Na zare na mayar, na hura bakinta, na canza soket har sau uku. Na kashe ta, na cire batir, na danne maɓallin kunnawa ina ƙirga talatin, na mayar. Maganarta ɗaya ce, kuma ko ɗigon wuta ba ta sha ba. Kashi bakwai ya koma biyar.

Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya karɓi cajar ya ɗaga bakinta sama ya leƙa.

"Ina allurar?"

"Wace allura?"

"Akwai ɗan siririn ƙarfe a tsakiyar ramin nan. Da shi kwamfuta take sanin cajarta ce. Naka babu, kuma ba karyewa ya yi ba, cire shi aka yi. Irin wannan cajar sai Dutsin-Ma."

Ƙarfe tara ta wuce, zuwa da dawowa ba zai yiwu ba. Na koma gida rai a ɓace. Na tarar da Baffa a zaure ya sa rigarsa ta Juma'a yana jirana.

"Baffa, wani ya taɓa jakata?"

"Ni ne nan," in ji shi, har da murmushi. "Kai ɗan nan ba ka kula da kayanka. Na duba igiyar cajar bayan asuba, sai ga ƙaya ta shige bakinta can ciki. Da ƙyar na ciro ta."

Ya zaro matsefatarsa daga aljihu, wadda yake cire ƙaya da ita a ƙafa in ya dawo gona, ya nuna mini. Wallahi sai da na ji kamar in kurma ihu. Amma mutumin da ya tashi da asuba don ya gyara maka kaya, me za ka ce masa? Na haɗiye, na ce ya kyauta, mu tafi.

A gindin gawo aka zagaye ni, mai unguwa da dattawa huɗu, Malam yana gefe ya harɗe hannu a baya. Na kunna bidiyon. Sai ga mahaifina da hularsa ta malafa, yana tafe yana share gumi. Baffa ya ce innalillahi, ya dafa kafaɗata. Mahaifina ya iso gawon nan da muke tsaye a gindinsa, ya ɗaga sanda ya ce, "To, daga nan zuwa kwari..." Sai allon ya yi baƙi.

Kunya ta kama ni, kuma kunyar ce ta sa ni yin abin da har yau yake cina. Na ce ai na san sauran, cewa ya yi namu ne, da kunnena na ji. Baffa ya matso gaba ya ce tun da ɗan ɗan'uwansa ya ji, shi ma ya rantse da Allah namu ne. Malam ya dube shi ya daɗe, ya ce, "Rantsuwa ka yi mini?" Ya juya ya tafi. Mai unguwa ya ce mu yi shuka.

Kashegari a Dutsin-Ma na sayi sabuwar caja. Ina jonawa laftof ta karɓa, babu gardama. A nan shagon na sa abin ji a kunne na koma wurin da ta mutu.

"To, daga nan zuwa kwari aro ne," in ji mahaifina. "Malam ya ba ni in noma shekarar da ruwa ya cinye mini fadama. Bai taɓa tambaya ba. In ba na nan ku mayar masa, ku yi masa godiya."

Na saurara sau uku ko zai canza. Kwana biyu na yi ina jinyar abin ni kaɗai, abinci ba ya shiga. Sau da yawa raina ya ce in yi shiru, babu wanda zai sani. Ran Asabar dai na hau babur na koma Kurfi. Baffa yana zaure yana tsince irin gero a faifai.

"Ta gyaru?"

"Ta gyaru, Baffa."

"Madalla. Sa mini in ji ɗan'uwana."

Na sa. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa a cikin geron bai motsa ba. Na ce Baffa ni na yi ƙarya, ban ji komai ba ranar, ka yafe mini. Bai dube ni ba. Ya ture faifan, ya lalubi takalmansa, ya sa na dama a hagu bai lura ba.

"Tashi ka raka ni gidan Malam," ya ce. "Kai za ka yi sallama. Ni bakin da ya rantse ba zai iya ba."